Hannun Gwaggo Hure

Jama'a, kafin gaisuwa ina da tambaya. Waye a cikinku bai tura hoton hannun Gwaggo Hure ba? Ya ɗaga hannu in gani. Babu ko ɗaya. To ni ma nawa yana ƙasa.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, Alhaji Muhammadu Sani. Mai girma Dagaci, ranka ya daɗe. Liman Malam Khalilu, Allah ya gafarta malam. Iyayenmu maza da ke kan tabarma, iyayenmu mata da ke saurare ta bayan katanga. 'Yan'uwa da suka taso daga birni saboda taron ƙungiyar ci gaban Kwarin Ɗinya, ina gaishe ku. Na gode da aka miƙo mini lasifika. Ni ne Muntaka. Ban yi nisa a boko ba, a takardun naɗe ƙosai na tsinci karatuna, in harshena ya yi kaifi a yi haƙuri.

Na farko, yadda abin ya faro. Da rijiyar bakin masallaci ta ƙafe bara, ƙungiyar nan ta ce a nemi taimako ta waya. Ni aka aika ɗaukar hoto. Na tarar da Gwaggo Hure mai daddawa, yayar mahaifina, tana jan guga ba komai ciki sai laka. Ta ce, "Muntaka, kar ka ɗau fuskata, ni ba 'yar fim ba ce." Sai na ɗauki hannunta kaɗai, riƙe da igiya. Kun san hannun mai daddawa: shekara talatin yana cikin kalwa da toka, ya yi baƙi, ya faffashe, ga zoben azurfar nan da duk kasuwar Gezawa ta sani. Muka rubuta a taimaka mana da ruwa. Aka taimaka, aka yashe rijiya. Har nan na gane.

Na biyu, inda kaina ya kulle. Bayan wata biyu hoton ya dawo. Hannun shi ne, igiyar ita ce, amma wai wata baiwar Allah ce a wani gari, cuta na cin yatsunta, a aika taimako ta wata lamba da ba mu sani ba. Da saƙon murya ya zo. Ya buɗe da salati, ya rufe da cewa wanda ya tura wa mutum goma Allah ba zai jarrabe shi da irinta ba. Mu kuwa a garin nan, abin da ya fara da salati ba ma iya goge shi, tsoro muke ji. Muka tura. Ni da na ɗauki hoton da hannuna, wallahi na tura kafin ya gama buɗewa, don kun san sabis ɗinmu, sai ka hau katangar makaranta.

Ba mu farfaɗo ba ya sake dawowa, an raba shi biyu. A hagu hannun Gwaggo, an rubuta "kafin". A dama wani hannu sumul kamar na jariri, an rubuta "bayan". Tallan man shafawa ne na cutar fata! To ku da kuka yi karatu ku fahimtar da ni: wanda ya ce tana mutuwa da wanda ya ce ta warke, mutum ɗaya ne ko biyu? Roƙon ne ya koma talla, ko tallan ne ya fara shigowa da rigar roƙo? Na kira lambar farko, a kashe. Na kira ta biyu, wata ta ce, "Kwalba nawa za a aiko, yallaɓai?" Na ce hannun gwaggona ne kuka saka. Ta ce, "Masha Allah, ta ji daɗin maganin?"

Na uku, kuma shi ya fito da ni. Gwaggo ba ta da waya, ba ta taɓa ganin hoton ba. Kasuwa huɗu a jere tana zuwa Gezawa tana dawowa da ƙwaryarta cike. Matar da ta shekara ashirin tana sayen daddawarta ta dubi zoben, ta ja baya, ta ce, "Hure, ki bari sai kin warke." Gwaggo ta dawo ta zauna a tsakar gida tana jujjuya hannunta, ta ce da ni, "Muntaka, me suka gani wanda ni ban gani ba?" Yanzu ta kife tukunyar kalwa, ta ce ta daina. Da me za ta ci? Fuskarta ta hana ni, ta ba ni hannu, hannun muka kashe.

Roƙona ɗaya. Malam Khalilu ya yi saƙon murya, ya buɗe da salati tunda shi muke turawa, ya ce hannun Hure lafiyarsa ƙalau, aiki ne ya mai da shi haka. Ko zai kai inda ƙaryar ta kai, ban sani ba.

Allah ya albarkaci taron nan, ya ba mu damina mai kyau, ya mai da baƙinmu gida lafiya, ya yafe mana abin da yatsunmu suka aika. Na gode.

Amma ba zan zauna ba tukuna. Kamaruddeen, sakatarenmu, kai ke riƙe da zauren ƙungiya na waya, kuma daga lambarka tallan ya shigo, har da rubutun cewa kai ne wakilin man a yankin nan. Da miyar daddawar nan aka yaye ka. Ba ka gane zoben ba ne, ko ka gane ka kau da kai? In ba ka gane ba, ka faɗa, mu raba kunyar ni da kai. Gwaggo tana bayan katanga tana ji. Ga lasifika, taso.