Farin Layin Malam Goni

Assalamu alaikum. Mai girma Mai Unguwa, Malam Liman, shugabannin ƙungiyarmu ta masu walda na Fagge da Sabon Gari, Hajiya Falmata uwargidan marigayi, 'yarmu Huseina, jama'a baki ɗaya, sannunku da zuwa. Ni ne Baffa, shekara goma sha tara ina shugabantar ma'aikata a garejin da Malam Goni ya yi aiki. An zaɓe ni in yi magana, amma wallahi zuciyata ba a kwance take ba.

Malam Goni ya kasance mai aikin da ido ba ya gani. Injinsa, mai haɗa manyan ƙarafan gini a kusurwa, yana binne wutarsa a ƙarƙashin garin walda, wani gari mai kama da yashi. Ba tartsatsi, ba haske. Mu sai mu tsaya kallo, shi kuwa ya karkata kai yana saurare.

Ya kasance mai dabara. Ƙarfe huɗu muke gamawa a wuni, shi ya ce a jingine ƙarfen, kusurwar ta kalli sama kamar kwari, injin ya cike ta a bi ɗaya maimakon biyu. Muka koma bakwai. Garin da ya rage kuma ya tankaɗe shi, ya gasa a rabin ganga don ya bushe. Hajiya, rariyarki da ta ɓace shekara shida, tana wurinmu.

Ya kasance mai taurin kai, wannan kowa ya sani. Ya ja farin layi da fenti a kan abin murɗa gudun injin. Na ce, "Goni, ƙara mana kaɗan mana." Ya ce, "Baffa, mutane za su zauna a ƙarƙashin wannan ƙarfen. Kai za ka tallafe musu shi?"

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. A watan Agusta, yana kwance a asibiti, aiki ya taso mana. Ana ruwa kullum, garin ya sha danshi, na ce a bar gasa shi, ɓata lokaci ne. Da hannuna na murɗa gudun ya wuce farin layin. Muka yi tara a wuni, har ina taƙama. Da na je duba shi, tambaya ɗaya ya yi mini: "Ɓawon yana tashi da kansa?" Domin in walda ta yi kyau, ɓawon da garin ke bari a kanta da kansa yake ɓallewa. Na ce masa e. Ƙarya na yi, da guduma muke fasa shi. Ya daɗe yana kallona. Bayan kwana uku Allah Ya yi masa rasuwa.

Shekaranjiya na yanka ƙarfe ɗaya da ya rage a gareji daga wannan aikin. Waje sumul, ciki duk ramuka kamar burodi.

Madam Ogechi, ina ganinki can baya. Ƙarafa goma sha takwas da muka kafa a benen shagunanki na Sabon Gari, daga wannan aikin suke. Na san ranar Asabar za a zuba kankare a kansu. Don Allah kada a zuba. Gobe da safe za mu zo mu sauke su. Sunan Goni kika bi kika ba mu aikin, kuma babu hannunsa a ciki.

Hajiya Falmata, Huseina, ku yafe mini, domin maganata ta ƙarshe da shi ƙarya ce. Shi kam ba ni da sauran damar roƙonsa.

Mun gode wa duk wanda ya rufe shagonsa ya zo. Allah Ya jiƙan Malam Goni, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma Allah Ya tsayar da hannunmu a kan farin layin da ya bar mana. Amin.