Hannun da Ya Yi Jifan Ƙarshe

Mai girma magajin gari, Fasto Ruckman, malamai da 'yan wasan makarantarmu, Marlene matar marigayi, ɗansa Curtis, da sauran jama'a, sannunmu da wannan rashi.

Ni ce Wanda, mai dafa abincin makaranta. Ban yi karatu mai zurfi ba, abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Delbert Kessinger ya kasance direban motar 'ya'yanmu shekara talatin da takwas. Ya kasance mai jiran yaron da ya makara, ko da ƙanƙara na zuba. Ya kasance in ƙungiyarmu ta sha kashi, sai ya tsaya a hanya ya saya wa yara soyayyen dankali, ba faɗa, ba wa'azi.

Dukanmu mun san fim ɗin ƙwallon kwandon da aka ɗauka a wannan ɗakin wasa. Kowace shekara muna kallonsa, muna hawaye a wuri guda, wato jifan ƙarshe. Lokacin ni ke raba wa masu fim kofi. Jarumin ya jefa sau arba'in, ko ɗaya bai shiga ba. Delbert na gefe da tsintsiya, yana ɗan shekara sha tara. Mai ba da umarni ya ce, "Kai dogo, ka iya?" Ya ce, "Ina ɗan taɓawa, yallabai." Suka sa masa rigar jarumin, suka ɗauki hannuwansa kaɗai. Sau ɗaya ya jefa, ƙwallo ta shiga. Daga nan suka sa ya yi alkawarin ba zai gaya wa kowa ba.

Na sha ce masa, "Del, ba ka da wayo. Mutanen nan tun kafin su bar gari suka manta da kai." Sai ya ce, "Su suka manta, ni ban manta ba. Zuba min wake, kin cika surutu."

Curtis, ɗana, yanzu da kai nake. Kana yaro hoton jarumin nan ne a bangon ɗakinka. Ina tsaye ranar da ka ce wa babanka a bakin mota bai taɓa yin abin a zo a gani ba. Ka tafi birni, shekara tara ba ka leƙo mu ba. A ranar da ka faɗa masa haka na roƙe shi ya gaya maka gaskiya. Ya ce, "In sai da fim zai so ni, a bar shi, Wanda."

Shi ya yi alkawari, ni ban yi ba. Marlene, ki yafe min, ke ma yau kika fara ji.

An jima za a nuna fim ɗin. Curtis, in an zo jifan ƙarshe, kada ka bi ƙwallo da ido. Ka dubi ƙaramin yatsan hannun dama, wanda injin masara ya lanƙwasa. Ka san shi. Shi ka riƙe ka koyi tafiya.

Na gode muku da kuka saurare ni. Ubangiji ya ba Delbert hutawa, ya sanyaya zuciyar Marlene. Ya Allah, kamar yadda bawanka ya jira 'ya'yanmu a cikin sanyi, ka karɓi ɗansa da ya makara. Amin.