Jikata Maginiya Tana Jiran Albarkata

Assalamu alaikum, ɗana mai karanta wasiƙu a rediyo, ina gajiya? Ni tsohuwa ce daga Sanyinna. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ka rubuta min.

Jikata Hadiza, marainiyar da nika riƙo, aikin gini takai. Bara ta faɗo daga bisa katakon da magina ka hawa a Kebbe, mai aikin ko sannu bai ce mata ba. Tun rannan in ta fita, bakin ƙofa nika zama har ta komo.

Yanzu wai za ta shiga ƙungiyar mata magina. Tac ce, "Kaka, suna ba da hular kwano, suna koya aiki, in an cuce ki su tsaya miki." Nic ce, "Ke dai kin ga hula kin ruɗe."

Amma maganar ta tsaya min a rai. Zamaninmu, mu mata ka daɓen ɗaki. Mu taru da madaɓi da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, wadda bayanta ya ƙage wata ta karɓe ta. Ba a barin mace ita ɗai.

To ƙungiyar nan irin tamu ce? Don Allah wadda tas sani ta faɗa min. Hadiza ta rantse ba ta shiga sai na sa albarka, kuma gobe ma katakon nan za ta hau, ita ɗai.