Gadon da Aka Juya

A ɗakin jira na wani gidan jinyar masu ciwon ajali a garin Manassas na Amurka, Radiyya tana juya takardar da za ta sa wa hannu a kawo mahaifiyarta. Wata dattijuwa ta ji ta tana waya da Hausa.

"'Yata, naki ne a ciki?"

"Tukuna, Mama, duba wurin na zo. Tsabta dai akwai."

"Tsabta ko otal yana da ita. Maigidana sati uku ke nan a nan. Tambayi abin da ke ranki."

Radiyya ta ce, "'Yan'uwa a Kano cewa suke yi zan jefar da Hajiya inda ba mai leƙa ta."

"Ranar Asabar mu goma sha tara muka zo dubiya, har da kuloli. Na ɗauka korar mu za a yi, sai ga nas da kujeru."

"Alƙibla fa? Hajiya a kwance take salla."

"Ni Kirista ce, 'yar Jos. Amma a ɗakin maƙwabtanmu na ga nas biyu suna jan gado suna duba waya, har suka daidaita shi da alƙibla."

Radiyya ta yi ajiyar zuciya.

"Mama, ara mini biro."