Kwamfutar da Za Ta Jahun

A tashar Dutse, Ikilima na zaune a bayan motar Jahun, rungume da kwamfuta a cinyarta. Wani dattijo mai jakar ofis ya waiwayo daga kujerun maza.

"Hajiya, gyara za a kai ta?"

"Lafiyarta ƙalau, Alhaji. Wata gidauniyar ilimi ce ta ba ƙungiyarmu, mu koya wa matan aure. Jahun zan kai ta."

"Jahun? Da wace wutar?"

"Mun samo aron janareta. Su 'yan gidauniyar dai sun ce a bar ajin a Dutse, inda baƙinsu za su riƙa gani, in ba haka ba su janye tallafin baɗi."

"To ki bi maganarsu mana! Matan su riƙa zuwa nan."

"Alhaji, kai za ka bar iyalinka ta hau mota kullum zuwa wani gari?"

"Ni? Allah ya sawwaƙe!"

"Haka mazan Jahun suka ce mini. Su janye tallafin ɗin."

Direba ya tada mota. Dattijon ya miƙo hannuwansa.

"Miƙo ta nan gaba, Hajiya. Hanyar akwai ramuka."