Saura Murfin Akwatin Malam Badaru

Assalamu alaikum. Mai girma Mai Unguwa, Malam Liman, tsohon Daraktanmu da ya taso tun daga Kwali, Oga George shugaban masu gyaran lantarki na Karmo, Alhaji Manniru yayan marigayi, Hajiya Saudatu da 'ya'yanta, jama'a baki ɗaya, sannunmu da haƙuri.

Minti biyar aka ba ni. In kun ga na kasa tsayawa wuri ɗaya ku gafarce ni, tun jiya hankalina ba a kwance yake ba, kuma zan gaya muku dalili.

Shekara ashirin da shida muka yi da Malam Badaru a ma'aikata ɗaya, ni ina rubuta takardun da ba mai karantawa, shi yana gyara wutar da kowa ke nema. Ya kasance yana aiki da hannu ɗaya, ɗayan na aljihu. Wani sabon oga ya ɗauka raini ne, ya sa na rubuta masa takardar tuhuma. Amsarsa layi guda ce: "Ranka ya daɗe, in wuta ta shiga ta dama ta fita ta hagu, ta kan zuciya za ta bi." A duk takardun da suka bi ta teburina, ita kaɗai na haddace.

Da ya yi ritaya ya buɗe shago a nan Karmo, ya sayo tsohuwar taransifoma mai murɗawa. Zoben ƙarfe ne naɗe da wayar tagulla, in ka murɗa kanta wuta ta tashi daga sifiri zuwa inda kake so. Da ita muke gwada rediyo ko talabijin da aka gyara, a ba shi wuta kaɗan-kaɗan kada ya ƙone. Na ce "muke" ne don kunya, ni kujera kawai nake ɗumamawa. Duk masu gyaran layin nan wurinta suke zuwa. Sai dai tsirara take, ba ta da gida. Oga George, ɗaga musu hannun nan su ga tabon. Yauwa. Ranar da ta yi wurgi da shi, Malam Badaru ya rantse zai yi mata akwati kafin Juma'a. Shekara huɗu ke nan. Bai dai faɗi wace Juma'a ba.

Ya kasance ba ya gamsuwa da aikinsa. Akwatin farko na katako ne, ya rufe shi ruf ba ta inda iska za ta shiga, ya yi zafi har Hajiya ta nemi a ba ta ta riƙa ɗumama tuwo. Na biyu da ƙofar tsohon firji ya yi shi, ya manta da wayar da ke kai wuta ƙasa. Ni na jingina da shi. Na karanta littattafai da yawa a kan ƙarshen ɗan Adam, babu wanda ya yi mini bayani kamar ƙofar nan. Na uku shi ke can yanzu: ƙarfe mai kauri, ramukan iska da ya huda ɗaya bayan ɗaya, fiyus, mita a gaba, da makunnin tsohon murhun gas. Wayar ƙasa har biyu, don ni. Ya yanka murfin, ya huda shi, sai ciwo ya kwantar da shi.

Ya kasance kafin ya kashe ta sai ya mayar da ita sifiri, don kada wanda zai kunna bayansa ya tarar da wuta a sama. A sifirin muka same ta.

Jiya na leƙa shagon, na tarar da ɗan gwangwan yana duba tagullar. Ya ce Alhaji Manniru ne ya kira shi, Litinin zai zo ya ɗauka.

Yaya Manniru, na san ba kwaɗayi ba ne, tsoro ne. Ka ce abin da ya kusa hallaka mutum biyu ba zai zauna kusa da 'yar ƙaninka Nabilah ba. Amma Nabilah digiri gare ta a lantarki, kuma ita ta ɗaura wayoyin ƙarshe lokacin da hannun mahaifinta ya fara rawa. In aka fasa na'urar nan, masu gyaran layin za su koma soka kaya kai tsaye a bango, su kauce da gudu. Jiya Nabilah ta ce mini, "Kawu, sukuru huɗu ne fa suka rage a ɗaure murfin. Ni in na buɗe baki Baffa cewa yake in je in zauna."

Tun da na miƙe tsaye, hannuna na hagu yana aljihu, na ga wasu na kallona. Ba kwaikwayon marigayi nake ba. Ga su nan, huɗu cif. Yaya, ka ba ta zuwa Juma'a. Wannan Juma'ar, ta jibi. In George ya dafa akwatin bai yi tsalle ba, a bar mata.

Ka miƙo hannu? To, karɓi, kai za ka ba ta. Jama'a, kun gani.

Mun gode muku da zuwa. Allah Ya jiƙan Malam Badaru, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Hajiya da yara haƙuri, Ya tsare hannun Nabilah, na dama da na aljihu. Amin.