Takun Koko Raesetsa

Mai girma sarkinmu, Fasto Mathabatha, kansilarmu, dattawa, iyalan Sekgobela, musamman Matome da Mokgadi, 'ya'yan marigayiya, ina gaishe ku. Ban san dalilin da ya sa kuka zaɓe ni, Lesiba, in yi magana a wannan taron tunawa da ita ba, sai dai ko don ina rubuta komai a littafina kullum.

Koko Raesetsa, wato Kaka Raesetsa a yarenmu, ta kasance mai dafa wa kowa tuwon masara. Ta kasance mai faɗa. Ta kasance 'yar shekara tara ranar da gwamnatin wariyar launin fata ta kwashe iyayenmu daga wannan ƙasa a manyan motoci. Kafin a jefa ta cikin mota, ta ƙirga takunta daga wannan itacen danya zuwa kabarin mahaifiyarta: ɗari huɗu da goma sha biyu, tana fuskantar gabas.

Da muka nemi a mayar mana da ƙasar, hukuma ta ce mu nuna kaburbura, in ba haka ba magana ta mutu. Ciyawa ta cinye komai. Ni aka sa na yi takun. Sau uku, ban tarar da ko dutse ɗaya ba. Na buɗe littafina jiya, ga abin da na rubuta ranar, da kunya nake karantawa: "Koko ta fara ruɗewa."

Ranar ƙarshe da jami'ai suka zo, ta zungure ni da sanda.

"Kai dogon banza, da ƙafar yarinya na ƙirga, ba ta raƙumin dawa ba. Kauce!"

"Koko, gwiwoyinki fa?"

"Su ne maganin. Tsufa ya dawo mini da takuna."

Ta tafi a hankali, muna biye, muna ƙirgawa da ƙarfi. Inda ta tsaya, Matome ya buɗe ciyawa. Duwatsu a jere.

Matome, Mokgadi, ku share hawaye. Uwarku ta mayar da mu gida da ƙafarta. Mun gode da kuka bar mana ita.

Bara muka kwantar da ita kusa da mahaifiyarta. Na auna, sau biyu don kada in sake kuskure: taku biyu ne tsakaninsu, nata takun.

Na gode muku duka. Allah ya ba Koko hutawa, ya zaunar da jikokinta a wannan ƙasa lafiya. Amin.